Hutun rabin kakar 2024: musayar Carroll da Profar, a bari ko a soke?

Malam Bashir (shugaban lig): Assalamu alaikum jama'a. Jiya Talata aka buga wasan taurari na babbar lig ɗin besbol ta Amurka (MLB) a Arlington, kuma ba za a koma fili ba sai Juma'a 19 ga Yuli, don haka muna da kwana biyu na numfasawa. Na ɗauko takardar zaɓen da muka yi a watan Maris a lig ɗinmu na fantasy, inda kowa ke zaɓar 'yan wasan MLB ana ba shi maki bisa abin da suka yi a fili, na sake duba zagayen farko. Ga yadda muka ɗauka, mu goma sha biyu: Acuña, Witt, Julio Rodríguez, Betts, Carroll, Tucker, Strider, Freeman, Tatis, Soto, Judge, Ohtani. A cikinsu biyu sun gama wasa bana, wato Acuña da Strider. Uku suna jinya yanzu haka, Betts da Tucker da Tatis. Biyu lafiyarsu ƙalau amma ba sa taɓuka abin kirki, Julio da Carroll. Biyar kaɗai suka biya mu.

Amma abin da ya sa na buɗe magana shi ne musayar da Nura da Mubarak suka turo daren jiya: Nura zai ba da Corbin Carroll, Mubarak zai ba da Jurickson Profar, ɗaya da ɗaya. Mutum uku sun yi mini magana a ɓoye cewa in soke. Ba zan yanke hukunci ni kaɗai ba. Kowa ya faɗi ra'ayinsa a nan.

Abdul-Razak Bronx: Wa'alaikumus salam Malam. Ni ina cikin ukun, ba sai an ɓoye sunana ba. Mutumin da aka ɗauka na biyar a duk lig ɗin nan za a bayar saboda wanda ko a zagaye na ƙarshe ba wanda ya waiwaye shi? Mubarak a zube ya tsinci Profar a watan Afrilu. Wannan ba ciniki ba ne, kyauta ce.

Nura Philly: Yaya Razak, na biyar ɗin a Maris ne. Yau muna tsakiyar Yuli. Ka buɗe shafin Carroll ka gani: matsakaicin bugunsa bai kai .220 ba, homron (bugun da ke tsallake katangar fili) 5 kacal. Profar yana sama da .300, homron 14, kuma jiya shi aka fara da shi a wasan taurari yayin da Carroll yake gida. Ni ina na tara a teburi. Matsakaicin bugun ƙungiyata ne mafi muni a lig, kuma mutum ɗaya ne ya ja ni ƙasa. Har yaushe zan jira?

Abdul-Razak Bronx: Har ƙarshen Satumba. Wasa 162 ake yi a kaka, ba 95 ba.

Yaya Isa Atlanta: Kafin a shiga maganar Carroll, ina so a raba abubuwa, domin jerin da Malam Bashir ya kawo ya haɗa marasa lafiya da masu lafiya wuri ɗaya. Ni na ɗauki Acuña na farko, kuma gobe aka mayar da mu Maris zan sake ɗaukarsa. Mutumin da ya buga homron 41 ya saci tudu (ya ruga zuwa tudu na gaba ba tare da an buga ƙwallo ba) sau 73 a 2023, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin besbol, aka ba shi gwarzon shekara ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce ba. Wa zai tsallake shi? Ranar 26 ga Mayu a Pittsburgh yana tsakanin tudu na biyu da na uku ya juya zai koma, gwiwar hagu ta tafi. Ta dama dama ta taɓa tsinkewa a 2021. Wannan ba lissafin da wani zai iya yi a Maris ba ne. Haka Betts, ƙwallo aka jefa ta karya masa hannu ranar 16 ga Yuni. Tucker ƙwallon da ya buga da kansa ce ta dawo ta same shi a ƙwauri, alhali yana da homron 19. Waɗannan ƙaddara ce. Carroll da Julio su ne abin tattaunawa.

Anti Zainab Houston: Isa, gaskiyarka a kan Betts da Tucker, amma kar ka wanke Acuña tas. Kafin ya ji ciwo ma homron 4 ne gare shi a wasa 49, bugunsa .250. Kuma tun lokacin atisayen bazara an duba gwiwarsa ta dama saboda tana damunsa. Alamar tana nan, mu ne ba mu so mu gani ba saboda lambobin bara sun cika mana ido.

Yaya Isa Atlanta: Anti, ya saci tudu 16 a wasannin nan fa. Mai ciwon gwiwa ba ya haka.

Anti Zainab Houston: Yana yi. Na ga mutane suna aikin awa sha biyu a tsaye da gwiwar da ya kamata a ce tana kwance. Ɗan wasa ba ya cewa ba zai iya ba sai ya faɗi. Tucker ma da aka ce mana 'yan kwanaki ne, yau wata ɗaya da rabi ke nan yana zaune, ni kuma ya tsare mini gurbi.

Mubarak Columbus: Tunda musayar tawa ce, bari in faɗi dalilina a fili don kar a ce na yaudari Yaya Nura. Ni ina ganin Carroll zai fi Profar daga nan zuwa ƙarshe, shi ya sa nake so. Shekararsa 23. Bara ya yi homron 25 da sata 54, ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa, ya kai Arizona wasan ƙarshe na duniya. Bana idonsa bai lalace ba, ba ya bin ƙwallon banza, ba a yawan fitar da shi da K (wato ya kasa bugun jifa uku), kuma gudunsa yana nan. Abin da ya ɓace shi ne ƙarfin bugu, ƙwallo tana ta tashi sama tana faɗowa a hannun mutane. A cikin homron biyar ɗin nan, uku a watan Yuli ya buga su. Profar kuwa shekararsa 31, bai taɓa wuce homron 20 a kaka ba, kuma bara Colorado sallamarsa ta yi tun kaka ba ta ƙare ba, a filin da kowa ya san ƙwallo tana tashi saboda tsayin garin. San Diego dala miliyan 1 ta ba shi a Fabrairu. Ni caca nake a kan shekaru da tarihi, Yaya Nura yana caca a kan abin da idonsa ya gani wata uku da rabi. Ɗayanmu zai yi asara, amma ba wanda aka rufe wa ido.

Alhaji Ɗan Maraɗi: Yaro, cire kalmar caca daga bakinka. Tun da aka kafa lig ɗin nan ba a taɓa sa kwabo ba, kuma ba za a sa ba. Wanda ya zo na ƙarshe abinci kawai yake ciyar da mu.

Mubarak Columbus: Afuwan Alhaji, bakina ne ya zarce. Hasashe nake nufi.

Alhaji Ɗan Maraɗi: Madalla. To ni kam Nura, shawara zan ba ka a matsayin babba. Abin da kake shirin yi kamar manomi ne ya kai hatsinsa kasuwa ranar da kowa ya girbe, farashi na ƙasa, alhali rumbunsa lafiya lau. Ka riga ka sha wahalar wanga yaro wata uku da rabi. Munanan lambobinsa sun shiga teburinka, ba mai goge su. In zai farfaɗo, Mubarak ne zai ci moriyar, kai ka kwashi wahala kawai.

Nura Philly: Alhaji ranka ya daɗe, in kuma bai farfaɗo ba fa? Kafaɗarsa ta dama an taɓa yi mata aiki a 2021, bara ma ta tsorata su a tsakiyar kaka. Wa ya tabbatar mana ba ita ce ta cinye ƙarfin ba? Kuma ana magana kamar Profar ɗan tsintuwa ne da ba shi da asali. A 2013 shi ne ake kira yaro na ɗaya a duk ƙananan lig, a hannun Texas. Kafaɗa ce ta cinye masa 2014 da 2015. Baiwar tana jikinsa tun can.

Abdul-Razak Bronx: Nura, bari in tuna maka Afrilu. Ranar 20 ga wata, ranar da ake raba 'yar tsanar Judge a ƙofar filin Yankees, an fitar da shi da K sau huɗu, mutanen Bronx da kansu suka yi masa ihu. Na fito daga jirgin lamba 4 a titi na 161 da yamma, mutane suna tahowa da akwatin 'yar tsanar a hammata suna zaginsa, wani dattijo a bakin shagon shayi yana cewa ya tsufa, yatsan ƙafar da ya ji ciwo bara ya gama da shi. Ya ƙare Afrilu da .207. A wannan zauren ma mutum biyu sun turo mini tayi, suna so su karɓe shi da araha. Na ƙi. Mayu ya buga homron 14, Yuni 11, aka ba shi gwarzon wata sau biyu a jere. Yau yana da homron 34 da RBI (makin da bugunsa ya shigar) 85. Da na saurari masu cewa a duba abin da ido ya gani, da yanzu ina kuka.

Nura Philly: Judge wata ɗaya ya yi yana barci. Carroll ya yi uku da rabi. Kuma Judge yana da shekara bakwai na shaida a bayansa, har da homron 62 a 2022. Carroll kaka ɗaya cikakkiya gare shi. Ba ɗaya ba ne, Yaya.

Anti Zainab Houston: A nan Nura yana da magana. Mun saba mu ɗauki kaka ɗaya mu mayar da ita gaskiyar mutum. Ku dubi Matt Olson, bara homron 54 da RBI 139, bana ko 15 bai kai ba. Esteury Ruiz ya saci tudu 67 bara, Oakland ta tura shi ƙaramar lig tun farkon Afrilu. Wanda ya ɗauke shi don sata ya tashi a tutar babu.

Usman Kano: Salamu alaikum, yanzu na shigo. Ku yi haƙuri, ku kuna kallo da idonku, ni wasan da ake farawa ƙarfe 7 na yamma a New York sha biyun dare ne a nan, na California kuwa sai ƙarfe uku. Da asuba nake buɗe waya in ga lambobi. Kuma ina ganin hakan ya taimake ni, domin ban ga fuskar kowa ba balle in ji tausayinsa ko haushinsa. Ina na biyu a teburi, kuma ba zagayen farko ne ya kai ni nan ba. Na ɗauki Gunnar Henderson a zagaye na uku, homron 28. Elly De La Cruz, wanda kowa ya ce K za ta kashe shi, ya haura sata 40, ba mai binsa a duk MLB. Marcell Ozuna can tsakiyar zaɓe. Masu jifa Seth Lugo da Reynaldo López kuwa a zube na same su, López ERA ɗinsa (matsakaicin makin da ake ci a kansa a inin tara, wato tsawon wasa guda) bai kai 2.00 ba. Ra'ayina shi ne lambar da aka ɗauki mutum a Maris ta daina aiki tun ranar da aka fara wasa. Ba a ba da maki saboda an ɗauke ka na biyar.

Yaya Isa Atlanta: Ba ta daina aiki ba Usman. Lambar nan ba daga sama ta faɗo ba, taƙaitaccen bayani ne na abin da mutum ya yi shekara biyu ko uku. Wata uku ba ya goge shekara uku. Kai kanka in na ce ka ba ni Henderson in ba ka Profar za ka yarda?

Usman Kano: A'a. Amma Henderson yana yi yanzu, ba tarihi nake riƙe da shi ba.

Mubarak Columbus: Ku duba Julio ma. Bara haka ya fara a sanyaye, sai Agusta ta zo ya buga ƙwallo 17 masu kyau a wasa huɗu, abin da ba a taɓa yi ba, ya ƙare da homron 32 da sata 37. Wanda ya sayar da shi a hutun bara har yau yana cizon yatsa. Akwai 'yan wasan da sai zafi ya yi zafi suke tashi.

Malam Bashir (shugaban lig): Mai Julio bai ce komai ba. Malam Hadi, kana nan?

Hadi Minneapolis: Ina nan Malam, ina karantawa. Julio ba na sayarwa ba ne. Ni abin da ya fi ci mini rai masu jifa ne, kuma a nan nake ganin darasin bana yake, ba a kan Carroll ba. Strider ya yi K 281 bara, aka ɗauke shi a zagayen farko, wasa biyu ya yi gwiwar hannu ta tafi. Gerrit Cole, gwarzon masu jifa na bara, bai fito ba sai 19 ga Yuni. Shane Bieber ya yi inin 12 ba a ci shi ko ɗaya ba, sai aka ce tiyata. Eury Pérez bai jefa ko ɗaya ba. Yamamoto da Dodgers ta ba dala miliyan 325 yana jinyar kafaɗa tun tsakiyar Yuni. Blake Snell bai samu ƙungiya ba sai bayan tsakiyar Maris, ya fara kaka ERA ɗinsa sama da 9. Su wa suka riƙe mutane? Chris Sale, wanda Boston ta gaji da jinyarsa ta miƙa wa Atlanta, yana da nasara 13. Garrett Crochet, da ɗan canji ne, yau K 150. Daga yanzu ni ba zan sake taɓa mai jifa kafin zagaye na huɗu ba.

Anti Zainab Houston: Agogon jifa ne. Bara suka kawo shi, bana suka rage shi daga daƙiƙa 20 zuwa 18 in akwai mutum a kan tudu. Jijiya tana buƙatar hutu tsakanin jifa da jifa. Ƙungiyar 'yan wasa ma ta fito ta faɗi haka a Afrilu.

Mubarak Columbus: Hukumar lig kuma ta ce ƙarfin jifa ne da murɗa ƙwallo, Anti, kuma ciwon gwiwar hannu ya daɗe yana ƙaruwa tun kafin agogo. Yanzu kowa so yake ya jefa mil 100 a awa. Jiya Mason Miller ya jefa 103.6.

Anti Zainab Houston: Duka biyun na iya zama gaskiya, ƙanena. Ka ƙara nauyi ka rage hutu, me kake jira?

Yaya Isa Atlanta: Hadi, ka ambaci Crochet, to wanda yake da shi ya yi hattara. Bai taɓa kai inin 60 a kaka ɗaya a babbar lig ba, yanzu ya haura 100. White Sox ba inda za su je bana, ko dai su sayar da shi kafin 30 ga Yuli ko su rage masa aiki. Irin wannan ne ake sayarwa yanzu yana da tsada. Haka Luis Gil na Yankees, daga tiyata ya dawo.

Alhaji Ɗan Maraɗi: Crochet nawa ne, kuma na ji. Sabon mai jifan nan Paul Skenes fa? Shi ma Pittsburgh za ta ja masa linzami?

Mubarak Columbus: Za su lallaɓa shi, amma Alhaji kar ka sake shi. Ya fara ranar 11 ga Mayu, wasa 11, nasara 6 ba a doke shi ba, ERA 1.90, K 89. Makon jiya ya yi inin bakwai da Milwaukee ba wanda ya samu bugu, aka cire shi. Jiya shi ya buɗe wasan taurari, shekara ɗaya bayan an ɗauko shi daga jami'ar LSU. Inin biyar nasa sun fi bakwai na wani.

Abdul-Razak Bronx: Kuma kar a manta a Maris Jackson Holliday ake rububi, ba Skenes ba. Baltimore ta kira shi 10 ga Afrilu, ya samu bugu 2 cikin 34, K 18, aka mayar da shi ƙasa. Yaro ɗan shekara 20. Wasu a nan sun riƙe masa gurbi tun zaɓe.

Nura Philly: To ka ga ni, Yaya Razak? Da bakinka ka faɗa. Suna da lamba ba sa buga ƙwallo.

Abdul-Razak Bronx: Holliday bai taɓa yin komai a babbar lig ba. Carroll ya yi. Kar ka haɗa su.

Malam Bashir (shugaban lig): Na ji kowa, kuma ga yadda nake gani. Da ni ne Nura ba zan yi wannan musaya ba, ina tare da Alhaji da Isa a kan cewa Carroll ya fi daraja daga nan zuwa Satumba. Amma dokar da muka rubuta tun farko ta ce ana soke musaya ne idan akwai haɗin baki, wato mutum biyu sun shirya su ƙarfafa ƙungiya ɗaya, ko kuma wani ya daina wasa yana rabar da 'yan wasansa. Nura bai daina ba, kullum yana gyara jerinsa. Ya kawo hujja, Mubarak ya kawo tasa a gaban kowa. A lig ɗinmu rukuni goma ake ƙirgawa, kuma matsakaicin bugu ɗaya ne daga ciki, bana ga shi ya yi tsada tunda duk MLB ba ta kai .250 ba. Mai neman .300 ba mahaukaci ba ne. In muka fara soke duk cinikin da bai yi mana daɗi ba, da a Afrilu wani ya ba da Strider ya karɓi Lugo mun soke, mun cuce shi.

Abdul-Razak Bronx: Malam, damuwata Mubarak yana na uku. In Carroll ya tashi, sata kawai za ta ɗaga shi maki uku ko huɗu. Mu da muke sama mu ne za mu biya kuɗin haƙurin da Nura ya rasa.

Malam Bashir (shugaban lig): To ka fi shi tayi. Ƙofa a buɗe take har awa 48 su cika.

Usman Kano: Wannan ita ce magana. Yaya Nura, duba akwatinka. Na turo maka Ozuna da Lugo a kan Carroll da ɗaya daga cikin masu jifanka da ke rufe wasa.

Mubarak Columbus: Haba Yaya Usman, ɗazu kai ne kake cewa lambar Maris ta daina aiki.

Usman Kano: Har yanzu haka nake cewa. Sata nake nema, Elly shi kaɗai ne ke gudu a ƙungiyata, in ya ji ciwo na shiga uku.

Nura Philly: Na gani Usman, amma na riga na ba Mubarak kalmata, kuma Ozuna ba shi da gurbi sai na mai bugu kawai, wanda na riga na cike. Malam Bashir, in ba a soke ba a bar ta ta wuce.

Malam Bashir (shugaban lig): Sai a kaɗa ƙuri'a kamar yadda doka ta ce, ban da su biyun. Ana buƙatar shida cikin goma kafin a soke. Zan rufe gobe Alhamis bayan isha'i agogon New York, Usman kai ka tura taka kafin ka kwanta. Duk wanda ke da mai jinya da ake sa ran dawowarsa ya gyara jerinsa kafin wasan farko na Juma'a.

Alhaji Ɗan Maraɗi: Tawa a bari. Mubarak, in Carroll ya shigo hannunka ka neme ni, muna da magana a kan Crochet.